Bayan “Na sallama” babu sauran tayi



Yau maganarmu kan masu rubuta alluna ce, da mutanen da ke wahal da su wajen ciniki. Allon da nake nufi shi ne wanda kuke gani bisa ƙofar kanti, ko gaban injin niƙa, ko jikin bankin cimaka, ko bakin hanya inda aka rubuta sunan gari. Da can kuna wuce shi kamar kun wuce bango. Yanzu da kuka iya karatu, allon yana yi muku magana. To, ya kamata ku san wanda ya rubuta shi, ku san kuma abin da ake yi masa.

Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya san kasuwar Katako, kusa da unguwar Bukoki. Sunanta ma ya faɗi abin da ke cikinta. Akwai katako, akwai kwano da ƙusa da fenti da ƙarfen gini. Akwai maƙera masu narka tsohon alminiyum su zuba tukwane, da masu fasa tsohon duro su fid da akwati ko murhu. Duk kayan da mai allo yake bukata suna nan wuri guda. Saboda haka mai sabon shago, ko ɗan aiken ƙungiyar ƙauye, in yana son allo, can yake dosa. Can kuma ake yin cinikin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ce malamin yaƙi da jahilci ya hana ciniki. Ciniki gadonmu ne. Ka je kasuwar dabbobi, ka ga rago, ka taɓa bayansa, ka duba haƙoransa, ka taya. Mai rago ya ce albarka. Ka ƙara, ya ce albarka. Dillali ya shiga tsakani, ya ja wannan, ya lallashi wancan. Can mai rago ya ce: “Na sallama.” Daga nan magana ta ƙare. Ka biya, dillali ya karɓi la'adarsa, ka ja ragonka. Wanda ya dawo bayan an sallama yana neman ragi, kowa a kasuwar ya san ƙaramin mutum ne, gobe ba mai sauraron tayinsa.

Amma ku lura da abu guda. Ragon yana tsaye gabanka lokacin da kake tayi. In ka rage jika 5 daga kuɗinsa, ragon bai rame ba. Haka buhun hatsi: tiyoyin da ke ciki ba su ragu ba don ka iya ciniki. Allo ba haka yake ba. Lokacin da kake cinikinsa babu shi. Kwanon yana wurin mai kwano, fentin yana cikin gwangwani, rubutun yana cikin kan mai rubutu. Duk abin da ka matse daga kuɗin, daga jikin allon zai fita. Mutane da yawa ba su gane wannan ba, suna komawa gida suna yabon kansu.

Mu yi lissafi, tunda kun iya. Kuɗin da zan sa misali ne, kowa ya sa farashin garinsu a gurbinsu. Mu ƙaddara allo ne mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1. Kwano jika 6. Ƙarfen gefe da ladan mai walda jika 5. Jan fentin nan mai hana tsatsa, wanda ake fara shafawa, jika 2. Farin fenti da masu launi jika 4. Buroshi da kananzir da abin gogewa jika 1. Mai amalanken da zai ɗauko kaya jika 1. Ku tara: jika 19 ke nan, tun ba a rubuta baƙi ko ɗaya ba. Mai allo ya ce a ba shi jika 30. Abin da ya rage masa jika 11. Aikin kwana 3 ne, domin sai shafe na farko ya bushe ake yin na biyu, sai na biyu ya bushe ake rubutu. Yaronsa yana cin jika 1 kowace rana, jika 3 ke nan. Kuɗin rumfa da harajin kasuwa mu ce jika 1. Sauran jika 7 a kwana 3. Da su zai ci da iyali, da su zai sayi magani.

Sai ga Alhaji ya zo, ya zauna bisa benci, ya ce:

“Malam, jika 30 don rubutu? Jika 15.”

“Albarka, Alhaji. Kaya kaɗai sun fi haka.”

“To, jika 20, ba ƙari. In ba ka yi, ga wani can ya ce zai yi.”

Ya miƙe, ya kama hanya, yana tafiya a hankali don a kira shi. Mai allo ya kwana 4 bai sami aiki ba. Ya kira shi.

Yanzu ku cire 19 daga 20. Saura jika 1, ga yaro ba a biya ba. Kuna tsammani mai allo zai yi aikin kwana 3 a kan jika 1? Ba zai yi ba, kuma ba zai faɗa wa Alhaji ba. Zai sayi kwano mafi sirantaka, wanda iska ke lanƙwasawa. Zai tsallake jan fenti mai hana tsatsa, tunda in an rufe da fari ba mai gani. Zai tsinka fenti da kananzir har ya zama kamar kunu, ya shafa sau ɗaya. Zai bar wa yaro rubutun, shi ya tafi neman wani aiki. Ranar da aka kafa allon, yana ƙyalli, Alhaji yana murna. Sai ranar Afrilu da Mayu ta Yamai, wadda zafinta ke wuce 40 a ma'auni, ta cinye jan launi. Ruwan Agusta ya shiga ƙarƙashin fenti, tsatsa ta fito. Iskar hunturu da ƙura su ƙarasa sauran. Kafin shekara ta zagayo sunan Alhaji ya zama rabi. Ya sake biyan jika 20. Sau biyu jika 40 ke nan, a kan abin da jika 30 za ta yi masa ya daɗe shekaru. Araha ba ta ado.

Wannan cinikin farko ke nan, kuma wanda ya yi shi kansa ya cuta. Akwai na biyu, shi ne ya fi ɓata mini rai.

An yi ciniki, an sallama, an ce jika 30. Mai allo ya ci bashin kaya wurin mai kwano da mai fenti, ya yi aiki, ya gama. Mai shago ya zo ɗauka. Ya tsaya, ya karkata kai, ya ce shuɗin bai yi masa ba. Ya ce baƙaƙen sun yi ƙanana. Ya ce hoton kan da aka zana bai yi kama da askin zamani ba. Daga nan ya sa hannu aljihu ya fito da jika 22, ya ce: “Karɓi wannan, in ba ka so riƙe allonka.”

Ku duba muguntar da ke cikin wannan magana. In tela ya ɗinka riga mai ita ya ƙi karɓa, zai rataye ta, wata rana wani mai irin jikin ya saya. In maƙeri ya ƙera gatari aka fasa, gatarin kowa ne. Amma allon da aka rubuta sunan mutum, da sana'arsa, da lambar salularsa, wa zai saye shi? Ba kowa duk faɗin Nijar, sai shi. Mai shagon ya san haka sarai. Ya jira sai da mai allo ya shiga rami, sannan ya tsaya a baki yana tayi. Wannan ba ciniki ba ne. A ciniki kowa yana da ikon cewa albarka ya tafi da kayansa. Nan mutum ɗaya ne ke da iko. Sunan abin ƙwace, ko da an yi shi da murmushi da “haba Malam, ai mun zama ɗaya”.

Ɗan'uwan wannan shi ne mai “zo gobe”. Shi ba ya rage kuɗi. Yana ɗaukar allo, ya ba da rabi, ya ce a zo gida a karɓi ciko. Mai allo ya bar rumfarsa, ya biya kuɗin mota, ya je ya tarar maigida yana barci. Gobe ya fita. Jibi ya yi tafiya. Ranar da aka same shi sai ya yi fushi, wai ana yi masa tsaye a ƙofa kamar ya ci bashi. To, me ya ci? Abin mamaki, masu wannan hali galibi ba matalauta ba ne. Mai tuyar ƙosai in ta sa an rubuta mata ɗan allo, takan kwance bakin zane ta biya nan take. Masu babbar riga ne ke jan mutum wata da watanni.

Duk waɗannan mutane kalma ɗaya suke fakewa da ita: “Ai rubutu ne kawai.” Ku da kuka zauna aji, ku ne shaiduna. Wata nawa kuka yi kafin hannunku ya daina rawa in kun kama alli? Sau nawa kuka juya b ta zama d? To, mai allo yana rubuta baƙi mai tsawon kamu guda da buroshi mai ɗigar fenti, bisa ƙarfe mai santsi, kuma babu gogewa. Sai ya auna fili, ya ƙidaya baƙaƙe, ya raba, don kada ya kai ƙarshen layi kalma ta rage a hannunsa. Sai ya san launin da ake hangowa daga nesa, ya san girman baƙin da mai wucewa bisa babur zai karanta kafin ya wuce. Ga harsuna: a Yamai wani Faransanci yake so, wani Hausa, wani Zabarmanci, wani ya ce a ɗora bisimilla da Larabci a sama. Lambar salula a ƙasarmu alƙaluma 8 ce. In ɗaya ya kauce, allon ya zama na wani. Wanda kuma bai iya zana ba, hoton kifinsa zai fito kamar takalmi, alhali mai saye da bai yi karatu ba hoton yake bi ya gane shago.

Ga kuma lanƙwasar baƙaƙenmu. Tun taron Bamako na 1966 masana ke zama don daidaita rubutun harsunanmu, aka sake zama a nan Yamai a 1980 kan Hausa kaɗai. Ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ce. In yaro mai gaggawa ya manta ta, masaukin baƙi ya koma masaukin baki. In ya sa ta inda babu, mai sayar da kaya ya koma mai sayar da ƙaya. A watan Maris na 2025 an kafa dokar da ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ke nan allunan Hausa za su ƙaru. Yara ƴan makaranta, da ku kanku, daga bango kuke maimaita karatu. Allo mai kuskure malami ne mai koyar da kuskure, dare da rana, ba hutu. Wanda ya matse kuɗi har aka bar wa yaro rubutu, ya ɓata wa unguwa duka.

Wasu kuma da farashin da suke zuwa. “Allon shagon babana dala 600 aka yi shi.” Gaskiya ne, sai dai a wace shekara? Cikin Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke shigowa daga waje ya tashi. Kwano da fenti da buroshi kuwa ba a gona ake shuka su ba, yawancinsu ta teku suke zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta rufe, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Najeriya ta yanke wutar lantarki a watan Agusta na shekarar, masu walda suka riƙa zaman jiran wuta. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma gadar ba ta buɗe nan da nan ba. Alhajin da ke tuna wa mai allo farashin zamanin babansa, shi da kansa ya ƙara wa shinkafa da sukarin kantinsa kuɗi a lokacin, ya ce hanya ce ta yi tsada. Hanyar da ta kawo shinkafa ita ta kawo fenti.

Tambaya ɗaya nake so a amsa mini. Mutumin nan in ya shiga gidan mai, yana tayin lita? In ya shiga kantin magani, yana cewa a rage? In zai sa kuɗi a salula, yana neman gyara? Ko wajen masu buga allon leda da kwamfuta, sai ya ajiye kuɗi ake taɓa na'ura, kuma yana ajiyewa bakinsa rufe. Ƙarfin cinikinsa duka a kan mai zaman rumfa yake ƙarewa, wanda ya san yana jin yunwa. Allon ledan ma, da ake tsorata mai buroshi da shi, yana da wurinsa: taro, biki, sanarwar mako biyu. A kafa shi bisa ƙofa shekara guda a rana, a zo a ba ni labari.

Ku mutanen ƙauye, akwai wani ciniki da ya shafe ku kai tsaye. Ƙungiya ta tara kuɗi, kowa ya kawo dala 50 ko dala 100, aka ba mutum guda jika 30 ya je birni ya sa a rubuta allon bankin cimaka. Ya je ya matse mai allo har jika 18. Sannan ya sassauta murya ya ce: “Malam, a takarda rubuta 30.” Jika 12 ta shiga aljihunsa. Ya ci mai allo, ya ci ƙungiya, ya kawo muku allon da ba zai kai damina biyu ba. Da can ba ku da yadda za ku yi, tunda takardar ba ta yi muku magana. Yanzu ku karɓe ta ku karanta a gaban taro. Ku duba ko akwai sunan mai allo da lambarsa, ku kira shi. Ku aiki mutum biyu, kada ku aiki ɗaya. Mai allon da ya yarda ya rubuta kuɗin ƙarya kuwa, ya sani an yi satar da alƙalaminsa.

Masu allo, kada ku yi dariya, ku ma ga naku. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya fara da jika 60 a kan aikin jika 30, shi ya koya wa mai saye cewa maganarsa ba gaskiya ba ce. In an raba kuɗinka biyu ka sallama, gobe ma sai an raba. Cikinku akwai mai karɓar kafin alƙalami ya cinye, mai aiki ya yi ta sintiri kamar mai bin tela ana gobe Salla. Akwai mai leƙen maƙwabcinsa, in ya ji ya ce 30 ya yafuto mutum ya ce 20, ya kashe wa kowa kasuwa har da kansa. Mafi muni shi ne karɓar kuɗin da ka san ba za su isa ba, ka rama a ɓoye cikin gwangwanin fenti. In kuɗin mutum kaɗan ne, faɗa masa abin da za su iya saya. Ka ce: “Alhaji, da jika 20 ga allon mita 1, launi biyu, ba hoto, amma mai ƙwari.” Ka rage girma a fili, kada ka rage inganci a ɓoye. In ya ƙi, ka ce albarka, ka bar shi ya tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da zai raba wannan gardama ba shi da tsada: takarda guda da alƙalami. Kafin buroshi ya taɓa fenti, a zauna a rubuta. Tsawo da faɗi, da mita. Kwano ne ko katako. Za a sa mai hana tsatsa ko babu. Shafe nawa, launi nawa. Kalmomin da za a rubuta, baƙi bayan baƙi, da lambar salula. Mai shago ya karanta da bakinsa, in bai iya ba ya zo da ɗansa ko abokinsa mai karatu. Sannan kuɗi gaba ɗaya, da abin da aka bayar, da abin da ya rage, da ranar ɗauka. Kafin alƙalami kada ya kasa kuɗin kaya, don kada mai allo ya ci bashi saboda sunan wani. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaida guda ya sa nasa. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Wanda ke da salula mai hoto ya ɗauki takardar, don ko ta jiƙe ko ta ɓace.

Nan ne wurin ciniki. Mai saye ya taya iyakar ƙarfinsa, ya zagaya rumfa uku ya ji farashi, ba wanda zai ga laifinsa. In an sa hannu, an sallama ke nan. Kuskuren da ke cikin takarda na mai shago ne, in yana son gyara ya biya fentin gyara. Kuskuren da babu shi a takarda na mai allo ne, ya gyara kyauta ko da zai sake shafe allon duka. In ranar ɗauka ta wuce aiki bai ƙare ba, mai shago yana da bakin magana.

Wani zai ce takarda tsakanin ƴan'uwa rashin yarda ce. Ni abin da na gani, masu ƙin takarda su ne masu niyyar tayi na biyu. In mutum ya zo ranar ɗauka ya fara karkata kai, mai allo kada ya ɗaga murya, kada kuma ya saki allo. Ya fito da takarda, ya kira shaida, ya auna allon da mita a gabansu, ya sa a karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya. In mutumin ya nace, a je gaban shugaban masu sana'ar ko sarkin kasuwa da takardar a hannu. Allon ya zauna cikin rumfa, fuskarsa na kallon bango, sai ranar da ciko ya cika.